Joseph Greenberg: Ɗalibin da Ƙauyukan Kano Suka Buɗe wa Hanya

A wannan fitowa ta mujallar ƙungiyarmu na ga ya dace in kawo muku tarihin wani Ba'amurke mai suna Joseph Harold Greenberg, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 2001. Na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya yi Hausa a sakandare, aka koya masa cewa Hausa 'yar dangin harsunan Cadi ce, to ya ɗanɗani aikin mutumin nan, ko da malamin bai faɗi mai shi ba.

Abin da ya sa na zaɓo shi kuwa, yanzu ne 'yan ajin ƙarshe ke ta shawarar inda za su dosa bayan babbar difiloma da bautar ƙasa. Kowa ka taɓa sai ya ce maka akanta, ko kwamfuta, ko harkar gudanarwa. Ranar da wani ya kuskura ya ce yana sha'awar zurfafa karatu a kimiyyar harshe, sai ka ji an kwashe da dariya, ana tambayarsa ko Hausar da ya tsotsa a nono ce bai iya ba, kuma wa zai ɗauke shi aiki in ya gama. Tambayoyin nan biyu ba na banza ba ne. A ganina rayuwar Greenberg ta amsa su fiye da duk wata gardama da za mu tafka a ƙofar aji.

Tasowarsa da karatunsa

An haife shi ranar 28 ga Mayu, 1915, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, a gidan Yahudawa 'yan asalin Turai. Mahaifinsa mai kantin magani ne. Tun yana yaro abu biyu suka ɗauke masa hankali, kiɗa da harsuna. Ya ƙware a kaɗa fiyano har ya yi wasa a gaban jama'a yana ɗan shekara 14. Ta ɓangaren harsuna kuma ya koyi Ibrananci da Latin da Girkanci da Jamusanci, da ya shiga Jami'ar Kolumbiya ya ƙara da Larabci. A shekararsa ta ƙarshe a can ya zauna ajin Franz Boas, wani babban malami da ke koyar da harsunan mutanen Amurka na asali. Ya gama digirin farko a 1936.

Ga wani abu da nake so ku riƙe tun daga nan: digirin digirgir ɗin Greenberg ba a sashen kimiyyar harshe ya yi shi ba. Jami'ar Northwestern da ke kusa da Shikago ya tafi, wajen Melville Herskovits, ya karanci ilimin sanin al'ummomi da al'adunsu. Ta wata ƙofar daban ya shigo fagen harshe, kuma hakan bai hana shi zama ɗaya daga cikin manyan fagen ba.

Zuwansa ƙasar Kano

A irin wannan karatu ba a ba mutum digiri don ya haddace littattafai. Sai ya fita ya binciko abin da ba a rubuta ba, ya kawo, malamai su tsettsefe shi. Binciken Greenberg ya kawo shi Arewacin Nijeriya tsakanin 1938 da 1939, yana saurayi ɗan shekara 23. Ku duba zamanin: ƙamus ɗin Bargery bai wuce shekara huɗu da fitowa ba, kuma a watan Janairun 1939 ne Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya.

Ya zauna a birnin Kano da kuma ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano, ya koyi Hausa a bakin masu ita. Abin da ya zo nema shi ne yadda Musulunci ya yi tasiri a kan addinin gargajiya na Hausawan da ba su musulunta ba, da yadda akidar iskoki take a wurinsu in aka gwada da ta mutanen birni. Da wannan kundi ya sami digirinsa a 1940, aka kuma buga shi littafi a 1946.

To amma yana cikin wancan aikin kunnensa na kan harshen. A 1941 ya fitar da maƙala a kan matsalolin tsarin sautin Hausa. Mu da muka tashi da harshen ba ma lura da cewa kukan yaro da kukar miya haruffansu ɗaya a rubuce, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Haka garin da ake zama da garin tuwo, jan wasali ne bambancinsu. Bahaushe yana amfani da waɗannan dokoki kullum ba tare da ya yi kuskure ba, amma ka ce ya zayyana maka su a takarda ka ga yadda zai yi zuru. Wannan ita ce amsar tambaya ta farko. Iya magana daban, sanin yadda maganar take aiki daban, kamar dai direba da makanike.

Shekara biyar a kaki

Bayan digiri ya ɗan zauna a Jami'ar Yale, inda manyan masana harshe na Amurka suke a lokacin. Bai daɗe ba aka ɗauke shi soja a 1940, shekarar da ya auri matarsa Selma. Ba bindiga aka fi buƙata a hannunsa ba. Sashen warware saƙonnin sirri na abokan gaba aka kai shi, domin mutumin da ya saba zaƙulo tsari a cikin harshen da bai sani ba, shi ne daidai da wannan aiki. Yana cikin dakarun da suka sauka Kasabalanka ta ƙasar Maroko a 1942, daga baya aka wuce da shi Italiya har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare.

Da ya cire kaki ya koma koyarwa. Ya yi shekara biyu a Jami'ar Minnesota, ya dawo Kolumbiya a 1948, sannan a 1962 ya koma Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya, inda ya ƙare rayuwarsa.

Aro da gado

Hausa ba ta bar shi ba. A 1947 ya yi rubutu a kan kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, ya nuna cewa ba a rana ɗaya suka shigo ba. Akwai tsofaffi da suka biyo bakin fatake da matafiya, waɗanda sau da yawa suka taho da alif da lam ɗinsu a manne, akwai kuma na baya da suka biyo littattafan malamai. In ka dubi albasa da alkama da littafi da labari, za ka ga ragowar alif da lam ɗin nan a goshinsu. A 1949 ya nuna cewa rubutattun waƙoƙin Hausa a kan ma'aunan arulin Larabci aka ɗora su, ta hanyar jera gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A 1960 kuma ya kawo hujjar cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa, da sarautu irin su galadima da ciroma, ta hannun Barebari suka iso mana. Ka ga ke nan kalma kaɗai ta isa ta ba da shaidar hanyar da ilimi da ciniki suka biyo, ko da babu takardar tarihi.

Duk waɗannan kayan aro ne. Tambayar da ta fi girma ita ce ta gado: su wane ne 'yan uwan Hausa na jini?

Kafin Greenberg, ra'ayin da ya fi ƙarfi a Turai shi ne na wani Bajamushe, Carl Meinhof, wanda a littafinsa na 1912 ya haɗa Hausa da Fulatanci da harshen Masai na gabashin Afirka da na Nama na kudanci a rukuni ɗaya, ya kira su harsunan Hamawa. Ba hujjar harshe kaɗai aka bi ba. An cakuɗa ta da batun hasken fata da kiwon shanu, bisa wata tsohuwar akida ta cewa duk wani ci gaba da aka gani a Afirka wasu fararen makiyaya ne suka kawo shi daga waje. Ni da nake zaune a Unguwar Shanu nakan ce da kiwo ne ke nuna dangin harshe, ai da sunan unguwarmu kaɗai ya isa a ba mu takardar shaida.

Greenberg ya yi watsi da wannan gaba ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce harshe da harshe ake gwadawa, ba a sa launin fata ko sana'ar masu shi a ma'auni. Kuma kamanni ba ya zama hujja sai sauti da ma'ana sun tafi tare. Yadda yake aiki shi ne ya jera harsuna masu yawa a littafin rubutu, ya ɗauki kalmomin da ba a cika arowa ba, kamar sassan jiki da ƙidaya da ruwa da rana da wakilan suna, ya duba waɗanda suka yi tarayya. Daga 1949 ya fara fitar da sakamakon a jerin maƙalu. Da farko ya sami dangi 16, ya rage su zuwa 12, sannan a littafinsa The Languages of Africa na 1963 ya tsaya a kan huɗu: Afro-Asiya, da Neja-Kodofan wanda yau aka fi kira Neja-Kongo, da Nilo-Sahara, da Koyisan.

Fulatanci ya mayar da shi wurin 'yan uwansa na gaskiya, harsunan Serer da Wolof na ƙasar Senegal. Hausa kuma ya haɗa ta da maƙwabtanta irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Tangale da Angas da Margi, ya ce reshe ɗaya ne mai suna Cadi, kuma reshen nan kafaɗa da kafaɗa yake da na Larabci da Ibrananci, da na Buzaye, da tsohon harshen Masar, da na su Somaliya, a cikin dangin Afro-Asiya.

Duk wanda ya yi Islamiyya zai iya gwada hujjar da kansa. Muna cewa gidanka da gidanki, Balarabe yana cewa baituka da baituki. Muna cewa ta zo, harafin ta ɗin nan na mace yana nan a Larabci. Muna cewa mabuɗi, yana cewa miftahu, kowanne da ma ko mi a farkon sunan kayan aiki. Kalmar mutu da kalmar suna, wato wanda ake raɗa wa jariri, suna da takwarorinsu a can. Muna jam'in gulbi da gulabe, birni da birane, ta hanyar cusa wasalin a a tsakiyar kalma, kamar yadda kalbu ke zama kilabu. Greenberg ya kuma lura da wani tsari da ya ratsa dangin: namiji na, mace ta, jam'i na, kamar yadda muke cewa doki na Audu, riga ta Audu, dawaki na Audu. Irin waɗannan ba a sayo su a kasuwa. Ma'anarsu ita ce Hausa da Larabci kakansu ɗaya tun dubban shekaru, ba wai ɗaya ce ta haifi ɗaya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce harsunan Bantu, su Swahili da Zulu da suka mamaye rabin nahiyar, asalinsu daga yankin iyakar Nijeriya da Kamaru ne, kuma 'yan uwan harshen Tibi ne. Malcolm Guthrie na Landan, wanda shi ne jigon nazarin Bantu a lokacin, ya ja da shi sosai. A yau yawancin masana bayan Greenberg suke a wannan magana.

Dokokin da suka game harsuna

Aikinsa na biyu da duniya ta san shi da shi ya fito ne a 1963 shi ma. Ya ɗauki harsuna 30 daga sassan duniya, ciki har da Yarabanci da Fulatanci da harshen Songai, ya duba yadda kowanne ke jera kalmomi a jimla, ya fito da dokoki 45. Ga misali. Bahaushe yana cewa Audu ya sayi doya, aikatau a tsakiya. Balarabe yakan fara da aikatau. Babarbare kuwa sai ya kai ƙarshen jimla yake ajiye shi. Greenberg ya nuna cewa in ka san inda harshe ke ajiye aikatau, za ka iya hasashen wasu abubuwa da dama game da shi. Harshen da ke farawa da aikatau, ƙananan kalmomi irin su a da daga da zuwa suna gabatar suna. Wanda ke ƙarewa da aikatau kuwa, galibi a bayan suna yake liƙa su. Wannan maƙala ita ta zama harsashin wani reshe sukutum na kimiyyar harshe, wato nazarin nau'o'in harsuna.

Inda aka yi masa ca

Kada in sa ku zaci duk abin da ya taɓa ya zama zinariya. A 1987 ya fitar da littafi a kan harsunan nahiyar Amurka, ya ce ɗaruruwan harsunan nan dangi uku ne kacal. Masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan harsuna suka yi masa ca. Sun nuna kurakurai masu yawa a kalmomin da ya kafa hujja da su, suka ce hanyarsa ta gwada harsuna da yawa a lokaci ɗaya ba ta iya raba gado da aro da kuma kamannin da ya zo bisa katari. Har yau yawancinsu ba su karɓi wannan rabo ba. A Afirka ma, masana da dama yanzu ba sa ɗaukar Koyisan a matsayin dangi ɗaya, kuma ana ta muhawara a kan Nilo-Sahara. Amma zaman Hausa a reshen Cadi, da zaman Cadi a Afro-Asiya, ya tabbata, musamman bayan aikin kwatance da Paul Newman da Roxana Ma suka buga a 1966.

Shi dai bai janye ba, bai kuma ajiye alƙalami ba. Yana fama da ciwon daji yana ƙarasa littafinsa na ƙarshe a kan dangantakar harsunan Turai da na arewacin Asiya. Juzu'i na farko ya fito a 2000, na biyu sai a 2002, bayan ransa. Ya mutu ranar 7 ga Mayu, 2001, saura mako uku ya cika shekara 86.

To mu fa?

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta aikin yi. Ba zan ce muku kimiyyar harshe hanyar kuɗi ce ta dare ɗaya ba. Shi kansa Greenberg malamin jami'a ya rayu, malamin jami'a ya mutu. Amma ku lura, ilimi ɗaya ne ya yi masa aiki a ƙauye, ya yi masa a soja, ya yi masa a aji. A wajenmu ma hanyoyin suna nan. Akwai koyarwa da bincike. Akwai fassara da tafinta a kotu da asibiti da ƙungiyoyin agaji. Akwai aikin jarida, kuma mu mutanen Kaduna ba sai an gaya mana abin da gidan rediyo ya yi wa Hausa tun 1962 ba. Akwai rubuta ƙamus da littattafan makaranta. Akwai taimaka wa yara masu matsalar furuci da ji.

Sannan ga sabuwar hanya da ta shafe mu 'yan kimiyya da fasaha kai tsaye. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta sa Hausa a jerin harsunanta, kuma duk wanda ya gwada ta ya san wani lokaci takan yi kwaɓa. Na'urar da za ta karanta Hausa da murya, ta yaya za ta san kukan yaro ne ko kukar miya, alhali ba ma sa alamar karin sauti a rubutu? Sai an sami wanda ya san kwamfuta, ya kuma san tsarin harshen. Ɗan sashen kwamfuta ko lantarki ko aikin jarida da ya ƙara da wannan ilimi ba baƙo ba ne a fagen. Ya bi sawun Greenberg ne, ya shigo ta wata ƙofa.

Wuraren karatun ma ba nisa. Akwai sassan harsuna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Jihar Kaduna a nan gida. Mai babbar difiloma yawanci sai ya fara yin difilomar share fage kafin digiri na biyu, don haka sai mutum ya taka ya je sashen da kansa ya ji sharuɗɗansu tun da wuri. Kuma namu sun riga sun share hanya. Marigayi Farfesa Muhammad Kabir Mahmud Galadanci ya yi digirinsa na uku a kan nahawun Hausa a Jami'ar Landan tun 1969, kuma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, na Hausa zuwa Hausa, a 2006.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan aikin na zube a gabanmu muna tsallakewa. Greenberg sai da ya ƙetare teku kafin ya ji Hausa. Mu kuwa, in ka shiga mota daga Unguwar Shanu zuwa babbar kasuwa, kana iya jin uku daga cikin dangi huɗun nan nasa kafin ka sauka: Hausa ta Afro-Asiya, Gbagyi da Fulatanci da Yarabanci da Ibo na Neja-Kongo, Barbarci na Nilo-Sahara. A ɗakunan kwananmu akwai 'ya'yan Atyap da Bajju da Ham da Adara, kuma wasu ƙananan harsunan jihar nan yaransu sun fara komawa Hausa da Turanci zalla. Harshen da ba a rubuta ba, in tsofaffin da ke jin sa suka ƙare, ya tafi ke nan da tarihinsa da sunayen magungunansa da waƙoƙinsa. Masu iya magana suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Shawarata ga mai sha'awa, kada ya jira sai ya sami gurbin karatu. Ya sayi littafin rubutu, ya zauna da abokin ɗakinsa mai wani harshen, ya rubuta kalma ɗari: ido, kunne, ruwa, wuta, ɗaya, biyu, ni, kai. Ya sake yin haka da mutum na biyu da na uku, ya jera su gefe da gefe ya duba. In ya ji abin ya gundure shi, to ya huta da asarar kuɗin fom. In kuwa ya ga dare ya raba bai sani ba, to ya fara shirin takardunsa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawa, amin.